Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Jiha

Ranar da sanarwa ta fita cewa jiha za ta ɗauki ma'aikata, shagunan intanet kan cika maƙil, kowa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ba za su taɓa ganin takardar tambayoyi ba, domin tun a wurin tace sunaye za a zubar da su: wani sunansa ya saɓa tsakanin takardu biyu, wani ya nemi gurbin da karatunsa bai kai ba, wani kuma an aika masa gayyata ta imel ɗin da ya manta lambobin sirrinsa. Saboda haka shirin yana farawa ne daga akwatin takardunka, kafin a zo maganar littafi.

Mataki na farko: san wanda ke ɗaukar aikin, da gurbin da ya dace da kai

Sashe na 197 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya kafa wa kowace jiha Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnati, wadda ke da ikon ɗauka, ƙarin girma, ladabtarwa da sallama. Tana da shugaba da mambobin da ba su gaza biyu ba, ba su wuce huɗu ba. A bisa al'ada ita ke ɗaukar manyan ma'aikata daga matakin albashi na 07 zuwa sama, ta bar wa ma'aikatu ɗaukar ƙananan ma'aikata daga mataki na 06 zuwa ƙasa. Amma ba kowane aikin jiha ne ke bi ta hannunta ba. Malaman firamare na ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ma'aikatan ƙananan hukumomi suna da tasu hukumar, ma'aikatan kotu ma haka, kuma jihohi da dama suna da hukumar kula da asibitoci da ta malaman sakandare. Sanin wannan zai gaya maka ofishin da za ka je ka tabbatar da gaskiyar sanarwa, domin sanarwar ƙarya ta fi ta gaskiya saurin yawo a WhatsApp.

Daga nan ka duba gurbi. Mai digiri na farko da takardar hidimar ƙasa yakan shiga a mataki na 08, mai NCE a mataki na 07, mai ƙaramar difloma a mataki na 06. Likitoci da lauyoyi suna shiga sama da haka. Mai babbar difloma ya lura sosai, domin layin da ake ɗora shi daban yake da na mai digiri ko da sun fara a mataki kusa da juna, kuma cika fom a layin da ba nasa ba na iya sa na'ura ta fitar da shi. In sanarwa ta ƙayyade shekaru, ta ce misali kada a wuce 35, ka lissafa da ranar da za a rufe karɓar fom. Gurbi ɗaya za ka nema. Cika fom biyu da lambar NIN ɗaya ba ya ƙara sa'a, sau da yawa ma duka biyun ake sokewa.

Mataki na biyu: baje takardunka a tabarma ka karanta su kamar maƙiyinka ne ke karantawa

Ka fito da waɗannan: shaidar kammala firamare, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar babbar makaranta, takardar hidimar ƙasa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma wadda aka fi kira indijin, da silif ɗin NIN. Malami ya haɗa da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Nas, ungozoma, likita da mai harhaɗa magunguna su tabbata lasisinsu na aiki bai ƙare ba, domin lasisin da wa'adinsa ya wuce ba ya aiki.

Abu biyu za ka duba a kowace takarda: suna da ranar haihuwa.

Matsalar suna ta fi yawa a ƙasar Hausa saboda yadda ake rubuta mu a makaranta. Hedimasta ya rubuta Muhammadu Sani Gumel, da sunan gari a ƙarshe. A sakandare aka koma Mohammed Sani. A jami'a ya zama Sani Muhammad Abdullahi saboda an ƙara sunan kaka. A wurinka mutum ɗaya ne, a wurin mai tantancewa kuwa mutum uku ne. Maganinsa takardar rantsuwa daga babbar kotu, wadda ta jero duk sunayen ta tabbatar da cewa naka ne, sannan a buga sanarwa a jarida ka ajiye shafin gaba ɗaya, da sunan jaridar da kwanan watanta. Macen da ta koma amfani da sunan miji bayan aure ita ma hanyar da za ta bi ke nan, kodayake ya fi sauƙi ta nemi aikin da sunan da ke kan takardun karatunta.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari. Idan ta NIN ta saɓa da ta WAEC, je ka NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ka fara gyara tun yanzu, domin gyaran ranar haihuwa yana da kuɗi kuma yana cin makonni. Kada ka bari wani ya ba ka shawarar rage shekaru. Mai tantancewa lissafi kawai zai yi: in takardarka ta nuna ka gama firamare kana ɗan shekara shida, magana ta ƙare. Kuma ko ka tsallake yau, fayil ɗin yana nan, ranar da ake binciken ma'aikata ko lissafin ritaya za a tono shi.

Game da hidimar ƙasa, takarda uku ce ake karɓa: ta kammalawa, ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu, da ta keɓewa ga wanda ya yi karatun wucin gadi. Mai digiri ko babbar difloma da ba shi da ko ɗaya cikinsu bai cika sharaɗi ba, komai kyan sakamakonsa.

In komai ya daidaita, yi hoton kowace takarda guda biyar-biyar, ka kuma ɗauke su da na'urar sikana ka aika wa kanka ta imel. Ɗauki fasfo sabo, aƙalla guda takwas, mai farin baya sai in sanarwa ta ce wani launi.

Mataki na uku: cika fom

Ba laifi ka je shagon intanet, amma ka zauna kusa da mai buga maka, kana karanta kowane layi kafin ya danna aikawa. Yaron shagon ya cika wa mutum talatin kafin kai, idonsa ya gaji, kuma kuskurensa kai zai bi. Lambar waya da imel su zama naka na kanka. Kada ka yarda a sa na mai shago, domin ta nan gayyata za ta zo, wani lokaci saura kwana biyu ko uku a zauna jarrabawa. In shafin ya ce hoto kada ya wuce kilobayit kaza, a rage shi amma a tabbata rubutun yana karantuwa. Kada ka jira makon ƙarshe, lokacin ne shafin ke cushewa ya ƙi buɗuwa. Da ka gama, buga silif ɗin shaida guda biyu, ka rubuta lambar rajistarka a wani wuri daban.

Mataki na huɗu: abin da za ka karanta

Tsarin yana bambanta daga jiha zuwa jiha, amma galibi tambayoyin zaɓi ne, A zuwa D, da Turanci, kuma yanzu an fi yi a kwamfuta. Ɓangarorin da aka saba gani su ne Turanci, lissafi da auna tunani, al'amuran yau da kullum, dokokin aikin gwamnati, sai kuma fannin da ka karanta in gurbin na ƙwararru ne.

Turancin bai wuce na matakin WAEC da JAMB ba, don haka tsofaffin tambayoyinsu sun wadatar. Inda ake zubar da maki shi ne rashin karanta umarni. Tambaya ta ce a zaɓi kalma mai *opposite in meaning*, mutum ya zaɓi mai *nearest in meaning* saboda ita ya fara gani, kuma da gangan mai tsara tambayar ya ajiye ta a zaɓi na farko. Haka kalmomin *not* da *except* suke juya tambaya gaba ɗaya. A ɓangaren karanta labari a amsa, fara duba tambayoyin kafin ka karanta labarin, sai ka san abin da kake nema. Ka kuma koyi tsarin wasiƙar ofis da ta cikin gida da rubuta bayanan taro, domin wasu hukumomin suna ƙara ɗan rubutu da hannu.

Lissafin ma na ƙaramar sakandare ne, matsalarsa sauri, kuma sau da yawa ba a ba da kalkuleta. Ka ƙware a kan kashi cikin ɗari, rabo, matsakaici, riba da faɗuwa, gudu da nisa, da jerin lambobi. Ga irin tarkon da ake ɗanawa. An ƙara wa kaya kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20, nawa ya koma? Mai gaggawa zai ce ya koma yadda yake. Ɗauki 100: ƙari ya kai shi 120, kashi 20 na 120 kuwa 24 ne, saura 96, wato ya ragu da kashi 4. Wani: leburori 6 sun gama aiki a kwana 10, leburori 4 fa? Aikin gaba ɗaya 6 sau 10 ne, wato 60, raba da 4 ya ba ka kwana 15. In amsarka ta fito ƙasa da 10, ka san ka juya lissafin, domin raguwar hannu ba ta rage kwanaki. A raba Naira 240,000 bisa 3 da 5: haɗa su ka sami 8, kowane kaso 30,000, ɗaya ya ɗauki 90,000 ɗaya 150,000. A jerin 2, 6, 12, 20, 30, duba tazarar da ke tsakani, 4, 6, 8, 10, ta gaba 12, amsa 42. Haddace jadawalin sau har zuwa 15, da cewa ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne, ɗaya bisa uku kashi 33 da ɗoriya. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke sayo maka daƙiƙu.

Al'amuran yau da kullum kashi biyu ne, wanda ba ya canzawa da wanda ke canzawa. Na farko hadda ce tsantsa: haɗewar Kudu da Arewa a 1914, 'yancin kai 1 ga Oktoba 1960, zama jamhuriya 1963, fara amfani da Naira da kafa NYSC duka a 1973, komawar babban birni Abuja 12 ga Disamba 1991, dawowar mulkin farar hula 29 ga Mayu 1999. Ƙirƙirar jihohi tambaya ce da ba ta tsufa: 12 a 1967 zamanin Gowon, 19 a 1976 zamanin Murtala, 21 a 1987 lokacin da aka fitar da Katsina da Akwa Ibom, 30 a 1991 lokacin da Jigawa, Kebbi da Yobe suka samu, 36 a 1996 da zuwan Zamfara, Gombe, Nasarawa da sauran uku. Ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360.

Da yake jarrabawar jiha ce, jiharka za a fi matsa maka a kai, kuma nan ne abin kunya yake faruwa, mutum ya san shugaban Amurka bai san kakakin majalisar jiharsa ba. San yawan ƙananan hukumominku: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, Sakkwato 23, Kebbi 21, Bauchi 20, Zamfara 14. San gwamnoninku a jere, ka bambance na soja da na farar hula. In aka ce gwamnan Kano na farko, Audu Baƙo ne a 1967, in aka ce na farar hula na farko, Abubakar Rimi ne a 1979. Ƙara da masarautu, madatsun ruwa, manyan makarantu da jihohin da kuka yi iyaka da su.

Kashi na biyu shi ne inda ƙananan littattafan da ake sayarwa a bakin tasha ke kashe mutane, domin wasu an buga su shekara goma da suka wuce ana ta sake musu bango. Littafin zai ce maka ranar dimokuraɗiyya 29 ga Mayu, alhali tun 2019 ake yin ta 12 ga Yuni. Zai ba ka tsohon taken ƙasa, alhali an koma na lokacin 'yancin kai a Mayun 2024. Zai ce mafi ƙarancin albashi Naira 30,000, alhali dokar 2024 ta kai shi 70,000. Zai ce ƙasashen ECOWAS 15, alhali Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025. Duk wata amsa da ta shafi sunan mai riƙe da muƙami, ka sake tabbatar da ita a makon jarrabawa. Sauraren labaran rediyo safe da yamma da littafin rubutu a hannu ya fi waɗannan littattafai amfani.

Sai dokokin aikin gwamnati, ɓangaren da sababbin masu digiri suka fi rainawa, kuma shi ne mafi sauƙin ci domin amsoshinsa a rubuce suke. Kowace jiha tana da littafin dokokin ma'aikatanta, mafi yawa an gina su a kan na tarayya, wanda aka sabunta a 2021. Ari na jiharku daga wani ma'aikaci. Ga abin da aka fi tambaya. Sabon ma'aikaci yana zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da shi. Ritaya shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa, amma dokar tarayya ta 2022 ta ba malamai 65 ko 40. Ƙarin girma: shekara biyu ga mataki na 06 zuwa ƙasa, uku ga 07 zuwa 14, huɗu ga 15 zuwa 17. A tsarin albashin da aka gada daga kwamitin Udoji na 1974, daga mataki na 10 sai 12 ake tsallakawa. Babban sakatare shi ne jami'in da ke da alhakin kuɗin ma'aikatarsa a wuyansa, kwamishina kuwa jagoran siyasa ne. Gwamna ne ke naɗa shugaban ma'aikata da manyan sakatarori, bisa sashe na 208. Ka kula da kalmomin da Hausa ta haɗe su amma doka ta raba: *interdiction* da *suspension* duka dakatarwa muke cewa, sai dai a na farko ana biyan rabin albashi, a na biyu ana tsayar da shi. Haka *dismissal* kora ce da ke sa mutum ya rasa haƙƙoƙinsa na aiki, ba daidai take da *termination* ba. Karanta kuma babi na biyu da na huɗu na kundin tsarin mulki.

Mai neman gurbin ƙwararru ya koma kan tushen fanninsa, abin da aka koya a shekarar farko da ta biyu. Malamai kada su raina darasin yara. A gwajin da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, tambayoyin na matakin aji huɗu ne, aka sa makin ci a kashi 75, kuma 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai ba. Abin da ka daɗe ba ka taɓa ba yana gudu, komai sauƙinsa.

Mataki na biyar: karatu da agogo

In kana da mako shida, ba wa karatu awa biyu kullum, ɗaya bayan sallar asuba don lissafi da dokoki, ɗaya da dare don Turanci da labarai. Mako uku na farko na koyo ne. Daga na huɗu ka koma gwaji: tambaya 50, minti 30, waya a kashe, ba tashi. In ka gama, kada ka tsaya a ƙirga maki. Buɗe littafi na musamman ka rubuta duk tambayar da ka faɗi da dalilin faɗuwar: rashin sani ne, gaggawa ce, ko lokaci ne ya ƙure? Magani ya bambanta. Rashin sani karatu yake so, gaggawa kuwa sai ka koyi karanta tambaya sau biyu. Wannan littafin kurakurai shi kaɗai za ka duba a kwana uku na ƙarshe.

Wanda bai saba da kwamfuta ba ya je cibiyar da ake yin JAMB ko shagon intanet ya zauna sau uku ko huɗu. Yin gwaji a waya bai wadatar ba, hannu daban ido daban. Koyi riƙe linzami, da buga lambar rajista ba tare da neman kowane harafi ba. A tsari irin na JAMB, haruffan A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙawa. Wannan S ɗin ka yi nesa da shi har sai ka gama.

Mataki na shida: ranar jarrabawa

Je ka ga cibiyar ana gobe, musamman in a wani gari ne. Isa da awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta maka, da silif ɗin gayyata, katin shaida mai hoto, biro biyu da fensir. Bar waya, agogo da jaka a gida ko wurin wani amintacce a waje. Mace mai lalle a yatsu ta sani cewa na'urar ɗaukar zanen yatsa kan ƙi karanta shi, don haka a ɗaga ƙunshi sai bayan jarrabawa. Ci abinci mara nauyi, kada ka cika ruwa.

Da ka zauna, duba ko suna da hoton da ke allon naka ne. In ba naka ba, ko linzami ba ya motsi, ɗaga hannu kafin ka danna farawa, domin da ka danna agogo ya tashi. Karanta umarni ka ga ko ana rage maki a kan amsar da ba daidai ba. In ba a ragewa, kada ka bar ko tambaya ɗaya fanko. Raba lokaci nan take: tambaya 100 a minti 60 daƙiƙa 36 ke nan kowace ɗaya, 60 a minti 45 kuwa daƙiƙa 45. Fara da al'amuran yau da kullum da dokoki, waɗanda ko ka sani ko ba ka sani ba, ka tara lokacin da ya ragu ka kai wa lissafi da karatun labari. Tambayar da ta riƙe ka fiye da minti ɗaya, cire zaɓi biyun da ka tabbata ba su ba ne, zaɓi ɗaya cikin sauran, ka wuce. In wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya, kada ka taɓa komai kuma kada ka tashi, kira mai sa ido ya rubuta lambarka da lokacin da abin ya faru. Ka bar minti uku na ƙarshe don duba waɗanda ka tsallake, ka miƙa da hannunka, ka jira allon ya nuna an karɓa, ka sa hannu a takardar halarta kafin ka fita. Sojan gona da satar amsa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa, kuma wanda aka kama shi da wanda ya aiko shi duka abin ke shafa.

Bayan an fito

Wanda ya ci, za a kira shi tantance takardu da intabiyu, wani lokaci rana ɗaya. Tafi da takardun asali a fayil ɗaya, hotunansu a wani, a jere daga firamare zuwa sama. Takardar asali a nuna ta a karɓo ta a wurin, ba a barin ta a hannun kowa. Kwamitin yakan tambayi abin da ka karanta, aikin ma'aikatar da ka nema, da ko za ka yarda a tura ka ƙauye. Amsa ta ƙarshen nan ka yanke ta da iyalinka tun a gida, domin in-ina a gaban kwamiti ana rubuta ta.

A wannan tsakanin ne masu sayar da gurbi ke fitowa, wani ya ce ɗan uwansa na ofishin shugaban ma'aikata, a kawo dubu ɗari kaza a karɓi ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Takardar bogi tana kama da ta gaske har sai an je buɗe fayil da shigar da suna cikin tsarin albashi, a nan take tonuwa, kuɗi sun tafi, mai ita kuma yana iya kwana a hannun 'yan sanda. Takardar ɗaukar aiki ta gaskiya daga hukumar take fitowa da lambar fayil, kuma za ta faɗi kwanakin da aka ba ka ka amsa a rubuce cewa ka karɓa. Ka amsa cikin wa'adin, ka yi gwajin lafiya a asibitin gwamnati, ka kai kanka inda aka tura ka, ka tabbata an rubuta ranar da ka kama aiki daidai, domin daga ita za a ƙirga zaman gwajinka na shekara biyu da duk ƙarin girman da zai biyo baya.